Jinin Mutum 346: A Wuyan Wa Yake?

Ran 29 ga Oktoba 2018, da sassafe, wani jirgin saman kamfanin Lion Air ya tashi daga Jakarta, babban birnin Indunusiya, ɗauke da mutum 189. Kamar minti 13 bayan tashinsa ya faɗa cikin tekun Jawa, ba wanda ya tsira. Ran Lahadi 10 ga Maris 2019 kuma jirgin kamfanin ƙasar Habasha ya tashi daga Adis Ababa za shi Nairobi da mutum 157, ƴan ƙasashe 35. Minti 6 kaɗai ya yi a sama, ya soki ƙasa da hanci kusa da garin Bishoftu. Jiragen nan biyu iri ɗaya ne, Boeing 737 MAX, sababbi ful, ba wanda ya cika wata 5 yana aiki.

Da labari ya bazu, sai aka riƙa jin amsa iri uku a bakin mutane. Waɗansu suka ce kwana ne ya ƙare, tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Waɗansu suka ce matuƙan ne ba su ƙware ba. Waɗansu kuma suka ce na'ura ce ta yi gardama. Kowace amsa tana da ɗan abin da ta kama, amma mai bin Almasihu ba zai tsaya a kan ko ɗaya cikinsu ba sai ya auna ta. Tun ranar da Allah ya tambayi Kayinu inda ɗan'uwansa yake, jinin mutum bai taɓa zuba ba tare da tambaya ta biyo baya ba.

Yadda na'urar take

Kafin a yanke hukunci, wajibi ne a san abin da ya faru. Jirgin 737 tsohon ƙira ne, ya fara tashi tun 1967, ƙafafunsa kuwa gajeru ne. A ƙarshen 2010 kamfanin Airbus na Turai ya ba da sanarwar sabon jirgi mai ƙarancin shan mai. Don kada kasuwa ta kuɓuce masa, kamfanin Boeing na Amurka ya yanke shawara a 2011 ya ɗora wa tsohon jirginsa manyan injuna. Da yake ba wuri isasshe a ƙarƙashin fiffike, sai aka matsa da injunan gaba, aka ɗan ɗaga su sama. Wannan ya sa a waɗansu lokatai hancin jirgin yakan so ya ɗaga fiye da yadda aka saba.

Maganin da aka yi shi ne wani tsari na kwamfuta da aka sa wa suna MCAS. Aikinsa shi ne, in ya ga hancin jirgi ya ɗaga da yawa, sai ya motsa ƙaramin fiffiken da ke wutsiya ya danna hancin ƙasa, ba tare da matuƙi ya umarce shi ba. Jirgin yana da ma'aunai biyu a gefen hancinsa masu gwada yadda iska take bugunsa, amma tsarin da ɗaya kaɗai yake aiki a kowace tafiya. In wannan ɗayan ya yi ƙarya, tsarin zai gaskata shi. In matuƙi ya gyara, bayan daƙiƙa 5 sai tsarin ya sake dannawa. A 2016 kuma aka ƙara masa ƙarfi har wajen ninki huɗu.

Ba a sa bayanin wannan tsari cikin littafin matuƙa ba. Kamfanin yana so a ɗauki sabon jirgin tamkar tsohon, don kada a tilasta wa matuƙa horo mai tsada a na'urar koyon tuƙi. Har ya yi wa kamfanin Southwest alkawarin rangwamen dala miliyan 1 a kan kowane jirgi in aka wajabta irin wannan horo. Lissafin masu ƙira shi ne, in tsarin ya ɓaci, matuƙi zai gane ya ɗauki mataki cikin daƙiƙa 4.

A jiragen nan biyu ma'aunin ya yi ƙarya, tsarin ya yi ta danna hanci ƙasa, matuƙa suna ja, har ƙasa ta tare su.

Na'ura ba ta ɗaukar alhaki

Mai cewa na'ura ce ta yi laifi ya tuna da amsar da Haruna ya ba Musa a gindin Dutsen Sina'i. Da aka tambaye shi zancen ɗan maraƙin zinariya, sai ya nuna kamar zinariya kawai ya jefa a wuta, maraƙi ya fito da kansa. Alhali farkon wannan sura (Fitowa 32) ya riga ya faɗa cewa shi ne ya karɓi zinariyar ya siffanta ta. Haka ɗan Adam yake: in aikin hannunsa ya yi kyau, ya ce shi ya yi, in ya ɓaci, ya ce abin ne ya yi kansa.

Kwamfuta ba ta da lamiri. Ba ta san akwai jariri a kujera ta baya ba. Abin da aka rubuta mata ta bi, ba ta ƙara ba, ba ta rage ba. Mutum ne ya zaɓi a dogara ga ma'auni ɗaya, mutum ne ya ƙara mata ƙarfi, mutum ne ya cire sunanta daga littafi. Saboda haka ba a iya sa mutum da na'ura a ma'auni ɗaya a ce wa ya fi laifi. Shari'ar tana tsakanin mutane biyu ne: wanda ke zaune a ɗakin tuƙi, da wanda ke zaune a ofis shekaru kafin wannan rana.

Shari'ar Musa ta yi maganar abin da ba shi da hankali amma yana iya kisa. A Fitowa 21:28-30, in sa ya kashe mutum ba zato, a kashe san, mai shi kuwa ba shi da laifi. Amma in an san san da halin tunkuyi, an kuma gargaɗi mai shi, bai tsare shi ba, to, jinin yana wuyansa. Abin da ya raba hukuncin farko da na biyu shi ne sani.

To, me aka sani? Binciken da majalisar wakilan Amurka ta fitar a Satumba 2020 ya nuna cewa tun 2012 wani matuƙin gwaji na kamfanin ya ɗauki fiye da daƙiƙa 10 kafin ya shawo kan irin wannan matsala a na'urar koyon tuƙi, ya kuma bayyana cewa abin zai iya hallaka jirgi. Tun 2017 kamfanin ya gano cewa alamar da za ta gaya wa matuƙi ma'aunan biyu sun saɓa ba ta aiki a yawancin jiragen, bai kuwa sanar da hukuma ba sai bayan haɗarin farko. Bayan mutum 189 sun mutu, ba mai iya cewa bai san halin san ba. Duk da haka aka bar shi a sake, aka aika wa matuƙa takardar tuni kawai, har wata 4 da ƴan kwanaki.

Rabon matuƙa

Gaskiya ba ta yarda a wanke matuƙa sarai ba. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Rahoton da hukumar binciken Indunusiya ta fitar a Oktoba 2019 ya lissafa dalilai 9 da suka haɗu. A cikinsu akwai ƙirar tsarin, akwai ma'aunin da aka canza wa jirgin wanda ba a daidaita shi sosai ba, akwai kuma yadda matuƙan suka tafiyar da al'amarin. Daren da ya gabata wannan jirgi ya yi wannan ciwo a hanyarsa daga Bali. Wani matuƙi da ya sami wuri a ɗakin tuƙi, ba ya bakin aiki, ya ba da shawara a kashe wutar da ke motsa fiffiken wutsiya, suka sauka lafiya. Amma ba su rubuta dukan abin da ya same su ba. Washegari kyaftin ɗin ya yi kokawa da tsarin fiye da sau 20 yana rinjayarsa, sa'an nan ya miƙa tuƙi ga mataimakinsa ba tare da cikakken bayani ba, mataimakin kuwa bai iya riƙewa ba.

Matuƙan Habasha sun san labarin haɗarin farko. Sun kashe wutar kamar yadda takarda ta ce. Amma sun bar injuna da ƙarfin tashi, gudun jirgin ya wuce kima, har wilin da ake murɗawa da hannu don ɗaga hanci ya gagare su saboda nauyin iska. Da suka rasa yadda za su yi, suka sake kunna wutar, tsarin ya sake dannawa, wannan ce ta ƙarshe.

Kurakurai ne, ba shakka. Amma wane irin kuskure? Maimaitawar Shari'a 19 ta ba da misalin mutum biyu da suka tafi jeji saran itace, ruwan gatarin ɗaya ya fice daga ƙota ya kashe ɗayan. Ba a ce da wannan mutum mai kisankai ba, an tanada masa birnin mafaka. Ba a kuwa ce ba abin da ya faru ba, gama dole ya bar gidansa ya zauna can. Watau Maganar Allah ta san bambanci tsakanin kuskuren hannu da zaɓin zuciya, ba ta kuma mai da su ɗaya ba.

Abu uku ne suke auna nauyin alhaki: abin da mutum ya sani, lokacin da yake da shi, da ikon da ke hannunsa. Matuƙan Jakarta ba su ma san da tsarin ba. Lokacinsu mintoci ne, sandar tuƙi tana kakkarwa, ƙararrawa tana kuka, ma'aunin gudu da na tsawo suna ba da lambobi masu saɓani, ransu kuma yana cikin jirgin. Masu ƙira suna da shekaru, da ɗakunan taro, da damar sake lissafi, ba kuwa wanda ransa ke rataye. Kyaftin Sullenberger, wanda ya saukar da jirgi a kogin Hudson a 2009 ba a rasa rai ko ɗaya ba, ya shaida wa majalisar Amurka a 2019 cewa ya gwada yanayin a na'urar koyon tuƙi, ya kuma ga yadda matuƙi zai iya rasa lokaci ko da ya san abin da ke zuwa. Ubangiji Yesu ya koyar cewa wanda aka ba da yawa, da yawa za a nema a hannunsa (Luka 12:48). A nan an san wanda aka ba da yawa.

Hujjar da ta fi ƙarfi

Mai kāre kamfanin yana da abin faɗa, ya kamata kuma a saurare shi. Zai ce: ba ma'aikacin da ya tashi da niyyar kashe kowa. Na'urori masu taimakon matuƙa sun ceci rayuka masu ɗimbin yawa, har tafiya a jirgin sama ta fi tafiya a mota aminci nesa ba kusa ba. Matuƙan daren Bali kuma sun sauka lafiya, wanda ya nuna cewa ana iya tsira. In waɗansu sun iya, don me za a ɗora wa maƙeri laifin waɗanda suka kāsa?

Amsar tana cikin wata ƴar doka a Maimaitawar Shari'a 22:8. An umarci mai gina sabon gida ya kewaye rufin soronsa da ƴar katanga, irin wadda magina suke kira rawani, don kada wani ya faɗo jininsa ya hau kan gidan. A lura da kyau. Ba mai gida ne ya ture mutumin ba. Ƙafar mutumin ce ta zame, wataƙila ma da gangancinsa. Mutum ɗari sun hau wannan soro sun sauko lafiya. Duk da haka doka ta ɗora jinin a kan gidan. Dalili kuwa shi ne, an san ɗan Adam yakan yi tuntuɓe. Akwai yaro, akwai tsoho, akwai mai gajiya, akwai dare. Saboda su ake gina rawani. Maginin da ya ce gidansa lafiya yake muddin ba wanda ƙafarsa za ta zame, bai gama gini ba.

Lissafin daƙiƙa 4 soro ne marar rawani. An ƙera jirgi da zai tsira in matuƙi bai yi kuskure ba, aka sayar da shi ga duniya duka, inda matuƙa dubbai za su tuƙa shi dare da rana, waɗansu gwanaye, waɗansu sababbin hannu. Tsirar matuƙan Bali ba ta wanke ƙirar ba. Mutum na uku ne ya cece su, shi kuwa ba kullum ake samunsa ba. Zancen niyya kuma, gaskiya ne ba a yi nufin kisa ba, shi ya sa ba a kira abin kisan gilla ba. Amma mai san nan ma bai yi nufin kisa ba. Ya dai ga ɗaure san zai rage masa riba.

Mai tsaron da bai busa ƙaho ba

Akwai na uku a cikin shari'ar. Hukumar kula da jiragen sama ta Amurka, FAA, ita ce ta ba jirgin takardar izini a 2017. Bisa tsarin da doka ta yarda da shi, ta danƙa babban kashi na aikin dubawa ga ma'aikatan kamfanin kansa. A Disamba 2018, bayan haɗarin farko, lissafin cikin gida na hukumar ya nuna cewa in ba a gyara ba, za a iya samun haɗari irin wannan har 15 cikin shekarun da jiragen za su yi suna aiki. Ba ta hana su tashi ba. Ko bayan haɗarin Habasha, ƙasar Sin ce ta fara tsai da su ran 11 ga Maris, Amurka sai ran 13.

Annabi Ezekiyel, a sura 33, ya yi maganar mai tsaro a kan garu. In ya hango takobi ya busa ƙaho, wanda ya ƙi ji jininsa yana kansa. In bai busa ba, daga hannunsa za a nemi jinin. Fasinja ba ya iya duba injin jirgi. Ya sayi tikiti ne bisa amanar cewa wani ya duba dominsa. Wanda ya karɓi wannan amana, yake cin albashi a kanta, shirunsa ma aiki ne da za a tambaye shi.

A nan wata wahala take. In hannuwa dubu suka taɓa aiki, kowa yakan ce nasa ɗan kaɗan ne. Injiniya ya ce umarni ya bi, shugaba ya ce bai san ƙananan bayanai ba, mai dubawa ya ce abin da aka nuna masa ya gani. Amma alhaki ba tuwo ba ne da zai ƙare in an raba wa mutane da yawa. Kowa yana ɗauke da nauyin abin da ya sani ya yi shiru a kai, gwargwadon matsayinsa.

Shaida a kan matattu

Bayan haɗuran, an ji muryoyi a Amurka, har a zauren majalisa, suna cewa da matuƙan ƙasarsu ne da sun shawo kan jirgin. Abu ne mai sauƙi a ɗora laifi a kan wanda ya mutu, gama ba zai tashi ya kāre kansa ba. Ya fi sauƙi kuma in baƙo ne daga Afirka ko Asiya. Kyaftin ɗin Habasha, mai shekara 29, yana da fiye da awa 8,000 na tuƙi. Doka ta tara, wadda ta hana shaidar zur a kan maƙwabci, ba ta daina aiki don maƙwabcin yana kabari ba.

Dokar kuwa tana yanka ta kowane gefe. Da rahoton ƙarshe na Habasha ya fito a Disamba 2022, masu bincike na Amurka da na Faransa sun yi ƙorafi cewa bai ba kurakuran matuƙa da horonsu isasshen wuri ba. Laifi tudu ne, kowa ya taka nasa ya hango na wani. Ɓoye kuskuren ɗan gida don kishin ƙasa yana hana matuƙin gobe darasin da zai cece shi.

Ƙaddara da hisabi

Saura masu cewa kwana ne ya ƙare. Gaskiya ne ran kowane mai rai yana hannun Allah, masu makoki kuma suna samun ta'aziyya a cikin wannan. Ubangiji Yesu, da ya ambaci mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗa wa (Luka 13:4), ya hana a ɗauka sun fi sauran mutane zunubi. Haka nan waɗanda suka mutu a jiragen nan ba hukunci ne ya same su ba. Amma Littafi Mai Tsarki bai taɓa mai da mulkin Allah mafakar mai sakaci ba. Allah ya juya muguntar ƴan'uwan Yusufu ta zama ceto, duk da haka Yusufu ya kira abin da suka yi mugunta. Kalmar ƙaddara a bakin gwauruwa bangaskiya ce. A bakin wanda ya ƙi gina rawani, wayo ne.

Kotunan duniya sun yi nasu. An tsai da jiragen wata 20, aka gyara tsarin ya riƙa gwada ma'aunai biyu, ya daina maimaita dannawa, aka kuma wajabta horon da aka guje wa tun farko. An sallami shugaban kamfanin a Disamba 2019. A Janairu 2021 kamfanin ya amince ya biya dala biliyan 2.5 kan zargin yaudarar hukuma. A ciki dala miliyan 500 ne na iyalan mamata, kashi mafi girma ya tafi ga kamfanonin da suka sayi jiragen. Mutum ɗaya tak aka gurfanar, wani tsohon matuƙin kamfanin, kotu kuwa ta wanke shi a 2022. Iyalai da yawa sun ce ba a yi musu adalci ba. Shari'ar Musa ta yarda mai sa ya biya fansa, amma bayan an tabbatar da laifin a kansa. Diyyar da ta zo ba tare da mutum ya miƙe ya ce shi ne ba, takan bar miki a buɗe. Zakka bai tsaya ga mayar da kuɗi ba, ya tsaya a gaban jama'a ya ambaci zaluncinsa.

Hukuncin da za a iya yankewa ke nan. Matuƙan suna da rabonsu, rabon mai gatari. Masu gyara da kamfanonin da suka horar da su suna da nasu. Amma nauyi mafi girma yana kan waɗanda suka sani, suke da lokaci, suke da iko, suka zaɓi saurin kasuwa, tare da masu tsaron da suka gani suka jinkirta.

Yawancin masu karanta wannan ba za su taɓa ƙera jirgi ba. Amma a kowace ikkilisiya akwai makanike da ya san birkin motar da ya sallama bai kama sosai ba, da magini da ya rage siminti, da mai kemis da ya ga kwanan magani ya wuce, da mai haƙa rijiya da ya bar bakinta a buɗe. In abu ya faru, za a ce direba ne ya yi gudu, ko yaro ne bai duba gabansa ba, wataƙila kuma gaskiya ne. Mutane za su karɓi wannan amsa. Allah kuwa, wanda ya ga abin da aka sani aka yi shiru, zai tambayi mai aikin ko ya gina rawanin.